Mai Sa Idon da Bai Ga Layin Ɗakin Kati Ba

Ko zan manta da komai na aikina, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban mutane na tona wa kaina asiri da bakina. Wallahi ba wanda ya tilasta ni.

Ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a nan Bauchi, ba nisa da Kasuwar Muda Lawal. Ni ke kula da kwamfutoci, musamman babbar da muke kira saba, inda rumbun bayanan marasa lafiya yake. Injiniya ake kirana (ban roƙi sunan ba, amma gaskiya ban taɓa hanawa ba), kuma har gobe ina jin daɗin aikina.

A ɗakin kati akwai Madam Rifkatu, 'yar wajen Bogoro, mijinta ya rasu ya bar ta da yara 'yan makaranta. Ita ke buɗe wa mutane kati ta tura su wurin likita. To, sai layin safe ya fara tsawo har bakin ƙofa, masu jinya na ta tsaki, wani ma ya kwashi mahaifinsa ya yi wani asibitin. Duk sanda na gifta sai ta tare ni.

"Injiniya, kwamfutan nan yana maƙalewa fa. Ina danna shi, yana juyawa kawai, yana juyawa."

"Madam, na'ura lafiyarta lau. Ki dinga bin ta a hankali."

Matar da ta fara aikin kati tun ina sakandare nake koya wa dannawa! Allah ya yafe mini.

Ga abin da ya ba ni wannan ƙarfin gwiwa. A cikin rumbun akwai wani sashe mai sa ido, kamar mai gadi, yana lura da duk aikin da aka aiko: wanne ya yi sauri, wanne ya daɗe. Sai dai shi ma yana cin memori, wato wurin ajiyar na'ura, sabarmu kuwa tsohuwa ce. Tun farkon zuwana na matse masa wuri, na bar masa ɗan kaɗan don sauran aiki ya samu sarari, na yaba wa kaina dabara, na manta. Daga abin da yake tarawa na haɗa wani zane kore shar, mai nuna ba aikin da ke daɗewa. Safe da yamma ina kallon abina ina murmushi.

Da ƙorafi ya kai kunnen Dakta, mai asibitin, sai ya ce a zauna. Mutum ne mai adalci, amma ba ya son ganin layi ko kaɗan. A ofishinsa ya gaya mini: in matsalar ta na'ura ce a gyara, in kuwa ta ma'aikaciya ce, ƙarshen wata za a sallame ta a kawo mai zafin nama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Zan nuna maka."

Ban yi nufin a kori kowa ba. Amma kuma ban tsaya na yi tunanin cewa in na wanke kaina, kanta laifin zai faɗa ba.

Ranar zaman na ɗauko shaddata ta Juma'a, ta sha sitati har tana ƙara, na aro majigi. Shugabannin sassa duk sun hallara. Madam Rifkatu na can gefe, ta rungume jakarta a cinya. Na haska koren zanena a bango, na yi bayani, na ƙara bayani, har da nuni da biro. Dakta ya gyaɗa kai, ya dube ta ya ce, "To, Madam, kin dai gani." Ta sunkuyar da kai.

Da na zauna a nan, da an gama. Amma ina! Daɗin yabo ya kwashe ni, na ce bari in ƙara musu da abin da ba su taɓa gani ba. Na buɗe baƙin allon nan mai rubutu zalla (wanda ke sa mutane su ɗauka kai wani shehi ne), na buga umarnin da ke jero ƙididdigar halin da saba ke ciki. Lambobi suka zubo. Ina gangarawa ina cewa, "Kun gani ko? Sifili, sifili, sifili."

"Dakata," in ji Dakta. "Koma sama kaɗan. Wannan mai tsawo kamar lambar waya fa?"

Ni da son bayani, ko duba ta sosai ban yi ba, na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wannan ai mai sauƙi ce. Shi mai sa idon nan, idan wurin da aka ba shi ya cika, ba ya iya ajiye sabon abu, sai ya zubar. Amma yana da amana, duk abin da ya zubar sai ya ƙirga. To wannan lambar ita ce yawan abin da ya wuce ta gabansa bai..."

Nan na farga da abin da nake faɗa. Na sake buga umarnin, ko Allah zai sa kuskure ne. Lambar ta ƙaru a gaban idon kowa.

"Ci gaba mana, Injiniya. Bai me ba?"

"Bai rubuta ba, ranka ya daɗe."

"Yaushe wurin nasa ke cika?"

"Idan aiki ya yi yawa."

"Wato da safe."

"Da safe."

"Wa ya yanka masa wurin?"

Jama'a, fanka na juyawa, amma gumi ya jiƙa sitatin nan sharkaf. Mai ɗakin magani ya yi wani tari da kowa ya san dariya ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Ni ne."

Dakta bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Wato ka cire wa ma'aunin zafi batir, ka zo kana mana albishir majinyaci ba shi da zazzaɓi." Sannan ya juya ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, koma bakin aikinki." Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa ganin wanda ya wasa wuƙar da kansa irina ba.

Bayan an watse na lallaɓa ɗakin kati in ba ta haƙuri. Na tarar ta jawo durowar teburinta, ba komai a ciki. Babu kofin shayinta, babu silifas ɗin da take sawa in ƙafa ta gaji, babu hoton yaran.

"Tun jiya na kai su gida," ta ce. "Na ce tunda kai ka faɗa, shi ke nan, kwamfuta ba ya ƙarya."

Wannan ta fi dariyar mai magani ciwo. Kunyar ɗakin taro ta girman kai ce, wannan kuwa har cikin raina na ji ta.

A yammacin na ƙara wa mai sa idon wuri. Washegari da safe korena ya koma ja wur, kuma ga mai laifin ƙuru-ƙuru: neman sunan majinyaci ne ke bin rumbun kaf, tun daga na farko, duk sanda ta danna. Kafin la'asar na gyara. Layi ya ɓace. Madam Rifkatu na nan a teburinta har yau, kuma in na gifta takan ce, "Injiniya, mai gadinka ya tashi daga barci?" Nakan ce ya tashi, Madam, mu yi dariya. Yanzu lambobin abin da ya zube nake fara dubawa kafin kowane zane.

Darasin dai na biya shi da mutuncina, ku ga shi kyauta: in mai shaida ya ce maka bai ga komai ba, kafin ka yanke wa wani hukunci, tambaye shi ko idonsa biyu a lokacin. In kuwa kai ne ka ɗaure masa idon, to ɗan'uwa, nemi kujera ka zauna.