Kawu Mai Jin Sammu A Gwiwa

A duk danginmu, daga masu rai har waɗanda hotunansu ke rataye a bangon falo, ba a taɓa yin mutum mai saurin gane abu kamar Kawu ba. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma Kawu ba ya ƙari a kan kansa sai in ya buɗe baki. Ya ce gwiwarsa ta hagu tana jin ruwan sama tun kafin hadari ya haɗu. A wurin aiki, inda yake riƙe makullin sito amma yake amsa sunan Manaja, ya ce da ido kawai yake gane mai shirin neman izinin tafiya gida.

Wasan da muke yi ranar Asabar da yamma, yayana ne ya kawo shi gidan. Mukan zagaye teburin cin abinci, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama bakinsa, shi kuma yayan nawa ya riƙa ba da labarin duniyar da jaruman ke yawo a ciki, shi ya sa muke ce masa Mai Labari. In jaruminka zai yi abu mai wuya, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, ita za ta ce ka ci ko ka sha ƙasa. A wasan, Mama maharbiya ce, ni ɓarauniya mai buɗe ƙofofi. Kowa da murfin kwalbar lemo yake tura jaruminsa a kan tebur. Kawu ya zo da murfin turare mai ruwan zinariya, ya raɗa masa suna Hadari Uban Bokaye, sannan ya ja kujerar marigayi Kaka ya zauna.

Kujerar nan mai hannu ce, kuma tun rasuwar Kaka ba wanda ya zauna a kanta. Mama takan goge ta kullum da safe. Kawu ya ce jagoran tafiya ba ya zama a benci. Mama ta dubi ƙanen nata, irin kallon da mu 'ya'yanta muka fi tsoro.

Wata Asabar Mai Labari ya kawo tambaya: in an yi wa jarumi sammu, a sanar da mai shi, ko a bar shi ya gane da kansa? Mama ta ce a sanar. Kawu ya miƙe tsaye ya gyara wuyan riga.

"Ba za a sanar ba," in ji shi. "Sammun da ake shelarsa ai gayyata ce. A jefa ƙwaya a ɓoye, wanda jikinsa ya ji ya ji. Ni dai Hadari ba ya jiran a gaya masa. Ranar da sammu ya hau ni ban ji ba, na bar kujerar nan na koma benci kusa da ƙofa."

"Kowa ya ji ka, Auta," in ji Mama.

Ba a daɗe ba labari ya kai mu wani rusasshen bene, muka tarar da zobe a cikin akwati. Mama ta ce a bincika tukuna. Kawu ya ce zobe ya san mai shi, ya zura a yatsan Hadari. Mai Labari ya jefa ƙwaya a bayan tiren shayi, ya leƙa. Nan wayar Kawu ta yi ƙara, ya fita baranda yana ɗaga murya don mu san kiran daga ofis ne. Sai Mai Labari ya rage murya ya gaya mana cewa daga yanzu duk wanda ke cikin labarin jaki yake gani in ya kalli Hadari, kuma duk abin da Hadari ya faɗa kukan jaki ake ji. Shi kuwa Hadari, ƙwaya ta ce bai ji komai ba.

Daga nan girman Kawu ya fara hauhawa. A masauki ya yi jawabi yana neman ɗakin da ya fi kowanne kyau. Mai masauki ya shafa masa wuya, ya zagaya da shi bayan gida, ya shimfiɗa masa sabuwar ciyawa.

"Kun gani?" in ji Kawu. "Ɓangare na musamman. Ku ku cunkushe da gama-gari."

A ƙofar birni masu gadi suka tattara jakunkunanmu suka ɗora masa a baya. Ya ce babba ake ba amana. A fadar sarauniya ya yi bayanin asalinsa tun daga kakan kakansa, har shayi ya huce a kofuna. Sarauniya ta toshe kunnuwa ta ce a ba shi karas a fitar da shi. Kawu ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ba kowane kunne ke ɗaukar ilimi ba.

Kada a ce gwiwar ba ta aiki. Ganin hawaye na zubo min saboda danne dariya, ya nuna ni da cokali ya ce, "'Yar nan, an yi miki sammu. Na ji shi a nan." Ya ƙarar da duk maganin Hadari a kaina, ya kuma ce ba sai na gode ba.

Asabar da ta biyo baya muka shiga kasuwar birni. Wani ɗan kasuwa ya zagaya Hadari, ya ɗaga ƙafarsa ya duba, ya buɗe bakinsa, sannan ya tambayi maharbiya ko na sayarwa ne.

"Yana da ƙarfi," in ji Mama, "sai dai surutu."

Kawu ya ajiye kofinsa a hankali. "Tsaya, ɗana. Me ya sa yake duba min haƙora?"

Mai Labari ya yi masa bayani tun daga zobe. Kawu ya kalli murfin turarensa, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ai ya sani tun farko, gwada mu yake yi. Ya ce gwiwar dama ce ta ji, shi kuma da ta hagu ya saba aiki. Mama ba ta yi musu ba. Ta ɗauko tsumma ta tsaya a kansa har ya tashi. Ta goge kujerar Kaka, ta mayar da ita gindin hotonsa. Kawu ya koma benci kusa da ƙofa, inda ya ce dama can iska ta fi kyau.

Muna tattara kofuna sai Mai Labari ya sosa ƙeya.

"Kawu, ka yi haƙuri. Sammun zoben nan na kwana ɗaya ne. Tun washegari a masauki ya kamata ya sake ka, ni ne na manta."

"Kada ka damu, ɗana," in ji Mama tana ninke tsumma. "Mu ma ba mu ji bambanci ba."