Hular da Babu Irinta a Duniya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ƙungiyarmu ta wayi gari da shugabanni biyu ba. Ƙungiya ce ta 'yan majalisun ƙasashen duniya, ni kuma ina ofishinta na New York a matsayin mai tarbar baƙi: in ɗauko su daga filin jirgi, in nuna musu kujera, in yi ta murmushi har haƙorana su bushe.

Tsohon shugaba, wani dattijo daga gabashin Afirka, ya ce wa'adinsa bai ƙare ba. Mataimakinsa, wani dogon mutum daga tsibiran Karebiyan, ya ce kwamiti ya riga ya zaɓe shi. Kowannensu ya rantse in ya zauna daram sai ya kori ma'aikatan da suka bi ɗayan. Ofis ya tsage, har butar shayi sai da ta zama biyu. Ka gaida wannan da fara'a, kafin ka juya an kai ƙararka wajen wancan. Ni kuwa ga yara, ga kuɗin haya a unguwar Bronx, ga izinin zamana a ƙasar manne da aikin nan. Wa zan bi?

Sai na ce bari in bi kowa (a lokacin, wallahi, gani nake duk birnin babu mai wayona).

Na nufi unguwar Mount Hope, shagon Alhaji Tanko, mutumin Kumasi mai sayar da kayan gargajiyarmu.

"Alhaji, hula biyu nake so, masu ɗaukar ido."

"Iri ɗaya ta rage, Malam. Koriya mai zaren zinari."

"Kawo haka. Masu su ko lif ɗin hawa bene ba sa shiga tare."

Ya naɗe biyu, ya ɗora ta uku a kai. "Wannan gyara ce, kai namu ne."

Na sami Dattijo a ofishinsa, na rusuna. "Ranka ya daɗe, dominka kaɗai aka ɗinka ta. Babu irinta a duniya. A wajenmu shugaba na gaskiya ne kawai ke sa ta." Har ƙwalla ya yi. Washegari na karanta wa Dogo wannan karatun, na ƙara masa da cewa maɗinkin ya rasu yana gama ta (Allah ya yafe mini, ban ma san mutumin ba). Ta ukun na jefa kan kwaba na manta.

Aka sa zaman sulhu ranar wata Juma'a. Na makara, ina ƙoƙarin fita in kama jirgin ƙasa, uwargida ta tare ƙofa.

"Baban Hafsat, ranar Juma'a za ka fita kai ba hula kamar ɗan ƙwallo?"

Ta dangwara mini wata a kai. Ban ko kalli madubi ba.

Na tura ƙofar zauren da tiren ruwa a hannu. Dattijo a wancan ƙarshen tebur, koriyar hula. Dogo a wannan ƙarshen, koriyar hula. Sun kafe juna da ido.

"Ni an ce mini babu irinta a duniya," in ji Dattijo.

"Ni maɗinkin tawa ma ya mutu," in ji Dogo.

Sai na ga idanu sun taso kaina ɗaya bayan ɗaya. Ba fuskata suke kallo ba, sama da ita kaɗan. Hannuwana duka suna riƙe da tire, ko damar cire ta ban samu ba. Matar da ke jagorantar sulhun ta zare tabarau, ta dube ni da kyau.

"Ba a gaya mana 'yan takara uku ne ba."

Jama'a, zauren nan ya fashe. Wani ɗan majalisa har yana dukan tebur. Ni kuma ina tsaye da tire a hannu.

Shekara guda mutanen nan ba su yarda da juna a kan komai ba, ko a kan na'urar sanyaya ɗaki. Ranar suka yarda a kaina. Ba su kore ni ba, don babu mai son a rubuta dalili. Sai aka mayar da ni ɗakin ajiya a ƙarƙashin bene, inda nake tarbar kwalaye. Kwali dai ba ya takarar shugabanci.

Har yau in na wuce shagon, Alhaji Tanko sai ya leƙo: "Malam, sun shigo da yawa, in turo wa manyanka?"

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa manya biyu fadanci, canza musu kala. In kuma an ba ka gyara, don Allah ka ce na gode, ka bar ta.