Ranar da Na Kashe Wutar Dambun Biki

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta da bikin Yaya Hadiza a Roni ba. Amma laifin Baba ne tun farko.

Wata rana a gidanmu na Kazaure ya gan ni ina alwala a gindin zogale, ya ce wa Umma yarinyar nan akwai tattali. (Gaskiya ƙyuyar zuwa bakin rariya ce ta zaunar da ni a wurin.) Shi ke nan, kaina ya kumbura. Mai tattalin ruwa ai ba ta barin ƙwan lantarki a kunne da rana. Mai kashe ƙwai kuma ba ta yar da leda, wankewa take ta shanya. Daga leda na koma haɗa guntayen sabulu, daga nan na faɗa murhu: Umma na sauke tukunya zan zare itacen in yayyafa masa ruwa. Cikin wata guda kowa a gidan ya zama almubazzari a idona, har kaji.

Da wannan girman kan na je bikin Yaya Hadiza, ɗiyar Gwaggo Talatu, yayar Baba. Ina shiga na fara taɓe baki. Ruwa na malala, ledoji ko'ina, mata manya da hankalinsu. Na bi ina tsince ledojin ina cusawa a jakar ankona.

Da la'asar mata suka shige ɗaki salla. Na leƙa bayan gida, sai ga murhu uku na ci bal-bal, ba kowa a wurin. Na ce lallai mutanen nan ba su san darajar bishiya ba. Ban ɗaga murfi ba, ban tambayi kowa ba. Na zare itatuwan, na sheƙa musu bokiti guda, na jera su a jikin bango gwanin sha'awa, na tsaya kusa don kada yabon ya wuce ni.

Ashe dambu ake turarawa. Dambun dangin ango, waɗanda motarsu ta riga ta taso daga Ɓaɓura.

Gwaggo ta fito da carbi a hannu. Ta dubi murhu, ta buɗe madambaci, ta murza tsakin a yatsa, ɗanye shar. A hankali ta ce, "Wane mara aikin yi ne ya kashe mini wuta?"

Ni kuwa (Allah Ya shirye ni) na matso na ce, "Ni ce, Gwaggo. Na ga itacen na ƙonewa a banza."

"A banza," in ji ta. "To 'yar Malam, tsugunna ki tayar da abin da kika kashe."

Jiƙaƙƙen itace ba ya jin lallashi. Na hura, na yi fifita, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kwallina ya gangaro har haɓa. A haka baƙi suka shigo da guɗa, suka tarar da ni gurfane ina tari. Wata tsohuwa a cikinsu ta tambaya ko ƙanwar amarya ce ke kukan rabuwa tun yanzu. Gwaggo ta ce a'a, ma'aikaciyar kwana-kwana ce aka aiko musu daga Kazaure.

Ƙarshe sai da aka sayo sabon itace dami biyu, aka tuttula kalanzir, Gwaggo ta zazzage jakata ta cinna wutar da ledojina. Baƙi suka ci dambu dab da magariba, suna ci suna kallona. A tarihin Roni ba na jin an taɓa ƙona itace a biki ɗaya kamar ranar da na je ceton itace.

Har yau sunana 'Yar Kwana-kwana a dangi. Ina nan ina alwala a gindin zogale, ban fasa ba. Amma in na ga wuta na ci a gidan mutane, hannuna a baya nake wucewa, ko da kuwa gidan ne ke ci.