Ranar da Na Taka Ɗakin Surukina

Ko tsufa ya cinye mini kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na rushe ɗakin da aka haifi surukina ba. Da ƙafa ɗaya kuwa.

Lokacin ina sabon malamin elemantare a Gwandu, wata uku da aure. Surukina, Malam Buhari, manomi ne, kuma da ƙyar ya yarda ya ba ɗan boko 'yarsa, don a ganinsa ba mu da kunya. Ba ni da burin da ya wuce in nuna masa ni daban ne.

Sai suna ya kama mu a Kalgo, ni da shi da matata A'i. Muka hau motar gyaɗa. Na ci babbar riga, na zura sabon takalmi sau-ciki (ya fi ƙafata girma, amma wa zai sani?). Gab da Kalgo, surukina ya roƙi direba ya tsaya, zai nuna wa 'yarsa garinsu.

Garin nan ruwa ya cinye shi tun surukina yana yaro. Amma wani tsohon magini, Baba Tanko, ya sake gina shi da laka a bakin hanya, ɗan mitsitsi. Gidajen ba su wuce gwiwa ba, ga rumbuna, ga masallaci, ga rijiya kamar bakin ludayi. Matafiya kan tsaya su yi kallo.

Surukina ya tuɓe takalmi a ƙofar gari ya yi sallama, A'i ma haka. Na ce a raina, kayan wasan yara za a yi wa sallama? Suna bin lungu a hankali, ni kuwa na ɗaga ƙafa na tsallake wata katanga, na tsaya a tsakar gida don in yi musu bayanin tarihi (tarihin garin da ban taɓa jin sunansa ba sai ranar).

Baba Tanko ya daka mini tsawa: "Kai Malam! Mi ya kai ka cikin gidan mutane babu sallama? Wurin mata na nan!"

Na razana na ja da baya. Sai na ji rugus a ƙarƙashin diddigena. Da na fizge ƙafa, takalmin ya zauna abinsa a cikin ɓaraguzan.

Surukina ya durƙusa, ya zare takalmin ya miƙo mini da hannunsa. Ya ce a hankali, "Wanga ɗakin innata na. Nan anka haihe ni. Ko ruwan da ya ci gari, shi kaɗai ya bari tsaye."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A'i ta rufe fuska da mayafi, har yau ban sani ba kuka take ko dariya. Haka muka wuce wurin suna.

A hanyar dawowa na sauka wurin Baba Tanko, na tuɓe riga da takalmi na shiga kwaɓa ƙasa. Dole surukina ya tsaya, don shi zai faɗi inda innarsa ke kafa gadonta. Da aka ɗora jinka, ya dubi ƙafafuna dumu-dumu da laka ya ce, "Ashe ɗan boko na iya tuɓe takalmi."

Ya yafe, amma bai manta ba. Har ya rasu, in na yi sallama a gidansa sai ya ɗaga murya: "Ku riƙe ɗakunanku, Malam ya iso!"

Ni kuwa tun daga ranar, ko akurkin kaji zan leƙa sai na yi sallama.