Rasuwar Moyna, Mai Ƙafa Arba'in

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Paromita Kundu, a madadin mahaifina Nitai Kundu, nake sanar da rasuwar Moyna, aisin sauti, wato 'yar na'urar da ke ba da murya a cikin injin wasan gem da ke shagonmu a Howrah, ƙasar Indiya. Baƙa ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, tana da ƙafafu arba'in. Har yanzu akwai ɗigon jan kwalli a bayanta, na kasa gogewa.

Marigayiyar ta zo unguwar nan tun kafin a haife ni. Murya uku gare ta, da su ta yi harbi, ta yi fashewa, ta yi waƙar nasara. Ba ta taɓa yi wa wanda ya faɗi dariya ba, iyakarta ta ce "tiu, tiu, tiuuu" a hankali.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke maganar Baba, waƙarta kaɗai yake iya bi. Kullum da safe zai jefa tsaba a injin, ita ta ce "tin-tiri-tin", shi ya amsa da maƙogwaro. Likita ta ce kada mu yarda ya daina, ta nan magana za ta dawo. Har ya fara kamo farkon sunana.

Ajali ya same ta ranar bikin Bishwakarma, ranar da kowa ke yi wa kayan sana'arsa ado da furanni. Pishi, yayar Baba, ta ga cewa injin da ke jinyar ƙanenta ya fi ƙarfin a sa masa albarka ta bayan gilashi kawai. Ta buɗe murfin baya, ta shafa jan kwalli, ta yayyafa ruwan kogin Ganga mai tsarki, injin yana kunne. Moyna ta ja "kiiii" mai tsawo, ta yi shiru.

Na kai ta kasuwar Chandni wurin Haripada mai gyara. Ya juya ta, ya shinshina.

"Didi, wannan ai ta girmi aurena," in ji shi, don Didi, wato yaya, yake ce mini. "Wa ya yi mata wanka?"

"Pishi."

"To ki gaishe ta, ta iya aiki. An daina haihuwar irinta, sai dai a ciro daga cikin wata gawar."

Na kunna wa Baba waƙar a waya, ya kawar da kai. Ta Moyna tana da 'yar shaƙewa a ƙarshe.

Ta rasu ta bar allo mai haske, da lasifika wadda yanzu take takaba, da 'ya'yan unguwa masu yawa da suka yi tumbi a ofisoshi. Ta bar Pishi, wadda ta daina cin abinci.

Za a ajiye gawar a kwalin ashana bisa kantar shago har yammacin Lahadi, sannan Pishi ta raka ta bakin kogi. Masu zuwa ta'aziyya, kada ku kawo furanni ko alewa. Ku duba ƙarƙashin gado da bayan shago. Duk mai mataccen inji irin namu, ko ɓeraye sun ci rabinsa, ya kawo. Ban iya roƙo ba, amma ina roƙonku.

Ba a gaya wa Baba ba. Yau ma ya zo da sandarsa, ya jefa tsaba. Allo ya kama, jiragen wasan suka fito. Ya buɗe baki yana jira. Ya daɗe a haka, sannan ya rufe bakin, ya juya, ya fita.