Hular Ingila a Ɗaurin Auren Mawashi

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren yayan matata a Mawashi ba, kuma ko na so mantawa, surukaina ba za su bar ni ba.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabon malamin firamare a Kankia, ina ji da Turancina kamar ni na ƙirƙiro shi. Sai aka kawo wasu Turawan mishan, miji da mata da 'ya'yansu biyu, ƙaramin asibitin kutare da ke kan hanyar Kusada. Mijin muna ce masa Likita, matar kuma Madam. Suka nemi mai koya musu Hausa, hedimasta ya ce ai ga ni. (Gaskiyar magana, in Bature ya yi magana a hankali ina kama rabi. In ya yi sauri, gyaɗa kai kawai nake yi.)

Na sha wahalar mutanen nan. In aka ce wa Likita "Ina gajiya?" sai ya tsaya ya amsa da gaskiyarsa: "Akwai gajiya sosai." Na ce masa ba a faɗin haka, cewa ake ba gajiya. Ya ce to ai ƙarya ke nan. Wata rana ya tare wani Bafillace ya tambaye shi shanunsa nawa, ni aka bari da ba da haƙuri. Madam kuwa harshenta ya ƙi ƙ da ɗ ƙememe. Ta shiga kasuwar Kankia neman ƙwai, tana bin rumfuna tana "Akwai akwai?" har mutane suka taru kallo. Ga ta da magana ƙasa-ƙasa. Kullum ina ce mata, "Madam, buɗe baki, ɗaga murya, Hausa ba a yin ta cikin maƙoshi."

Su ma dai ba daɗi suke ji ba. Zafi ya feso wa yaran ƙuraje, gara ta cinye akwatin littattafan Likita, firjinsu na kananzir hayaƙi kawai yake yi. Na taɓa samun Madam zaune a bayan kicin tana hawaye a kan burodin da ya ƙi tashi. Na ji tausayinta, amma hakan bai hana ni zuwa dandali da yamma in kwaikwayi maganarta ana dariya ba.

Bayan wata uku kayansu suka iso daga Kano cikin ganguna. Madam ta kira ni ta ba ni tukuicin karatu: wata butar shayi fara, da wani abu saƙaƙƙe na ulu, ja da shuɗi, mai tuntu a sama da huda biyu a gefe. Ta yi mini dogon bayani da Turanci, da sauri, tana nuna wannan tana nuna wancan. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Amma malamin da ke gyara mata baki kullum, shi zai ce bai gane ba? Na gyaɗa kai na yi godiya.

Butar na ba Inna, ta mai da ita ta alwala. Ɗayan kuwa na juya shi, na sake juyawa, na ɗora a kai, sai ya zauna daram, kunnuwana suka leƙo ta hudojin nan biyu. Na ce lalle Bature ya iya tsara abu, har kunne ya yi wa hanya.

A lokacin ina neman Hajara, 'yar Malam Sale na Mawashi, kuma akwai wani ɗan kasuwa mai sabon keke da shi ma yake nema. Da auren yayanta ya zo, na ƙudura zan nuna musu wanda suke shirin samu. Na sa farar riga, na kafa hular, kuma (wannan ne ya fi ƙona mini rai har yau) ni da bakina na gayyaci Likita da iyalinsa, don a ga ina da Turawa.

Tsakiyar bazara ce. Gumi na bin wuyana, kaina kamar an ɗora a murhu, amma na daure. Malam Sale ya dube ni ya ce, "Malam, wagga hula fa?"

Na ce, "Ta Ingila ce, Baba. Manyan malamansu ke sa ta."

Aka yi ta sam barka. Wani tsoho har ya taɓa tuntun.

Ana gama shafa fatiha Landirobar Likita ta tsaya a ƙofar gida. Ya fito ya gaisa, aka ce ina gajiya, ya ce ba gajiya, na ji daɗi. Madam ta biyo shi, za a shigar da ita wajen mata, sai idonta ya faɗa kaina. Ta tsaya. Wata uku ina fama da matar nan ba ta taɓa haɗa magana ɗaya daidai ba. Ranar ta haɗa. Ta buɗe baki, ta ɗaga murya yadda na koya mata, ta ce:

"Malam, don me ka sa rigar buta a kanka? Ta butar shayi ce, don kada shayi ya huce. Nan bakin buta yake fita, nan kuma mariƙi."

Tana faɗa tana nuna kunnuwana ɗaya bayan ɗaya. Har ƙ ɗin mariƙi ta fitar da shi tsaf.

Mai keke ne ya fara tuntsirewa, sauran suka bi, har na jiyo dariyar mata daga cikin gida. Na rasa yadda zan yi: in cire, na tsaya kai ba hula gaban surukai, in bari, na tabbata buta. Malam Sale bai yi dariya ba. Ya cire rawaninsa, ya zare hular da ke ƙarƙashinsa ya miƙo mini, ya ce, "Amshi, Malam. Kai dai ba ka huce ba."

Sati guda ban je asibitin ba. Sai ga Madam da kanta a makaranta, ta zo ba ni haƙuri, wai ba ta san ta yi laifi ba. Haƙurin ma cikin Hausa mai kyau ta ba ni, abin da ya ƙara ba ni haushi. Na koma muka ci gaba da karatu, na kuma daina kwaikwayonta a dandali, don yanzu ni ake kwaikwaya.

Hajara dai ni aka ba. Daga baya ta ce babanta ya ce mutumin da ya iya koya wa Baturiya Hausa irin wannan ba zai rasa abin ci da iyali ba. Amma sunan Malam Buta ya bi ni makarantu huɗu har na yi ritaya, jikokina na Mawashi ma da shi suka san ni.

Tun daga ranar, in aka yi mini bayani ban gane ba, cewa nake a maimaita, ko da yaron aji ɗaya ne ke magana. Kuma duk abin da aka ba ni kyauta, sai na tambayi ko na mene ne kafin in kai shi kusa da kaina.