Kakau ko Kakuri?

Wani ne yake da shagon ƙwai a Sabon Tasha. Mutumin akwai son harka. Ya sayi ƙatuwar sifika ya kafa a ƙofar shago, ya haɗa ta da wayarsa ta bulutut, kullum kiɗa na tashi wai don jawo kwastoma.

Akwai wani Yakubu mai nemo masa ƙwai da araha a gonaki. In kaya sun samu sai ya turo masa saƙon murya. Shi kuwa gogan, don tsabar sirri, sai ya shige can cikin sito kusa da janareto, ya rufo ƙofa, ya danna. Shiru. Ya ƙure ƙara, ya sake dannawa. Shiru.

"Kai, netwok ɗin unguwar nan ya lalace!"

Sai ya koma gida da yamma saƙon ke buɗe baki. Kafin nan Madam Vicky, mai shagon ƙwai da ke kallon nasa, ta riga ta je ta kwashe kayan. Yau haka, gobe haka. Masu shayi duk suka koma wajenta, shagonsa ya kama hanyar mutuwa.

Ya ce wallahi an dasa masa na'urar satar magana. Ya je ya ɗauko wani Nicholas, wanda aikinsa ke nan, gano irin waɗannan na'urori.

Nicholas ya zaro wata 'yar na'ura mai eriya. "Oga, kashe kiɗan nan tukuna, da wayarka, kada su rikita min aiki."

Ya kashe. Nicholas ya bi bango, na'ura ta yi ɗan ƙara. Kafin ya buɗe baki mutumin ya rafka wa wurin guduma.

"Oga, wayar wuta ce!"

"Munafuka ce, da ita aka haɗa baki!"

Gogan ya farke agogon bango. Ya kwance fanka. Ya hau silin da kansa, silin ya ɓurma da shi, ya sauko zaune daɓas a kan sauran ƙwan da ya rage masa. Bai ko tashi ba ya nuna su da yatsa.

"Auna waɗannan ma. Wa ya san abin da kazar ta haɗiya?"

Nicholas ya ce, "Oga, shagonka tsaf yake, babu komai. In kana so hankalinka ya kwanta, ka manna kwalayen ƙwai a bangon sito. Suna tare sauti."

Abin nema ya samu, kwali dai ba ya rasa shi. Ya manne bango, ya manne ƙofa, ya toshe taga har da ramin ɓera. Ya kafa doka, ba magana a shagonsa. Kwastoma ya zo ya yi sallama, sai ya sa yatsa a baki, a yi ciniki kamar na kurame.

Washegari ya kunna kiɗansa, sai ga saƙon Yakubu. Ya harari shagon Madam Vicky.

"Yau sai in ga ta inda za ki ji!"

Ya shige sito, ya datse ƙofa, ya lulluɓa da bargo, ya danna. Shiru. Ya ƙure ƙara har maɓallin ya kusa nutsewa. Shiru. Yana ta zufa yana tsine wa netwok, sai ya ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta.

Ya buɗe. Madam Vicky ce, jaka a hammata, mai keke-napep na jiran ta a bakin titi, rabin layin kuma sun tsaya cirko-cirko a gaban sifika.

Ta ce, "Maƙwabci, abeg, don Allah ɗan mayar da saƙon baya. Tirela ta wuce, ban ji ba, gonar Kakau ya ce ko ta Kakuri?"